Bishiyar da Balbela Ta Zaɓa

A layin da na taso akwai darbejiya goma sha ɗaya a jere, kusan sa'o'in juna, tsayinsu ɗaya, inuwarsu ɗaya. Amma duk shekara idan damina ta kankama, biyu ne kawai daga cikinsu ke yin fari fat da balbelu, wato biyun da ke dab da bakin kududdufi. A ƙololuwarsu kuma zalɓe ne ke kafa tasa sheƙar, yana leƙen kowa daga sama. Daminar bara mutanen gidajen da ke ƙarƙashin bishiyoyin suka gaji da kashi da ƙarni, suka ɗauko masu injin yankan itace a tsakiyar watan Agusta. Na iso bayan an gama. 'Ya'yan tsuntsayen na zube cikin ganye, yara na tsinta, iyayen kuwa na ta shawagi a daidai inda rassan suke a da.

Na tambayi wani dattijon layin ko ba a iya jira damina ta wuce ba. Ya ce da ni, "Haba ɗana, ga bishiyoyi nan har tara. Su koma can mana."

Wannan amsa ta Baba ce ta sa ni wannan rubutu, domin ita ce amsar da yawancinmu za mu bayar. A idonmu bishiya bishiya ce. Ra'ayina shi ne babban tsuntsu ba ya kafa sheƙa da ka. Bishiyar da ya zaɓa ta cika wasu sharuɗɗa da maƙwabtanta ba su cika ba, kuma ɗaya daga cikin sharuɗɗan, a ƙasar Hausa, mu ne da kanmu. Wanda ya fahimci wannan lissafi zai ga cewa sare irin wannan bishiya, musamman da damina, asara ce da dashen sabon tsiro ba ya mayarwa.

Reshen da zai ɗauki kaya

Sharaɗi na farko na gini ne. Sheƙar zalɓe da ta balbela da ta shamuwa ba irin saƙar nan ta ƙananan tsuntsaye ba ce da ke lilo a bakin reshe. Tarin ƙirare ne da ake jerawa kamar faifai, don haka tana buƙatar inda rassa biyu ko uku suka rabu su tallafe ta. A wajen balbela, namiji ne ke fara kama wuri ya yi ta tallan kansa, idan mace ta amince sai ya riƙa kawo ƙirare ita tana jerawa. Ƙiraren ma ba su wadatar kowa, shi ya sa da maƙwabciya ta ba da baya sai a zare mata ɗaya.

Wannan faifai kuwa dole ya daɗe. Balbela na kwanci a kan ƙwai kimanin kwana 23, 'ya'yan su yi kusan wata guda kafin su fara tashi. Zalɓe ya fi haka: kwanci na wajen kwana 25, sannan reno na kusan mako bakwai. Idan aka haɗa da kwanakin gini, ana maganar wata biyu zuwa uku ke nan a tsakiyar damina, lokacin da hadari ke tasowa da iskar da ke yaye rufin kwano. Reshen da ke rawa da yawa zai zubar da ƙwai. Bishiyoyi masu ƙaya irin su bagaruwa da gawo suna riƙe ƙirare da kyau, ga shi suna wahalar da mai hawa. Gawo ma yana da wata ɗabi'a tasa: da damina yake zubar da ganye, don haka rassansa a buɗe suke daidai lokacin da shamuwa ke neman wurin sauka.

Maganar sauka ba ƙarama ba ce. Buɗin fukafukan zalɓe ya kai mita ɗaya da rabi, na borin tunki ya haura mita biyu da rabi. Tsuntsu mai irin wannan faɗi, ga dogayen ƙafafu, ba zai kutsa cikin duhun ganye ba. Yana buƙatar sarari ta sama, shi ya sa a bishiyar da jinsuna suka haɗu za ka tarar manya sun kama ƙololuwa, ƙanana suna ƙasa da su. Ga kuma nauyi, domin wasu tsuntsayen kan ɗora sabon gini a kan tsohon duk shekara. A 1963 an auna sheƙar wata gaggafa a jihar Florida ta Amurka, faɗinta ya kusa mita 3, zurfinta mita 6, aka ƙiyasta nauyinta ya wuce tan 2. Namu tsuntsayen ba su kai nan ba, amma ƙa'idar ɗaya ce: sai bishiyar da ta shekara take da rassan da za su ɗauki irin wannan kaya.

Kusa da abinci, a kan kari

Sharaɗi na biyu ba a jikin bishiyar yake ba, a kewayenta yake. Uwa mai 'ya'ya uku a sheƙa takan yi sawu da yawa a rana, kuma kowane sawu ƙarfi yake ci. Idan wurin kiwo ya yi nisa, abin da za ta ƙona a hanya zai cinye abin da ta samo. Balbela na bin shanu domin sawunsu na tayar da fara da sauran ƙwari, kuma takan samu fiye da yadda za ta samu ita kaɗai. Zalɓe na son fadama da bakin kududdufi da gonaki, inda kwaɗi da ɓeraye da ƙadangaru suke. Borin tunki kuwa mayanka da juji yake bi, shi ya sa ya cika birnin Kampala na Uganda, har a bishiyoyin Jami'ar Makerere.

Shamuwa ce ta fi kowa nuna cewa wuri da lokaci tare ake zaɓarsu. Idan rani ya yi a wajenmu takan tsallaka zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda a lokacin ake ruwa, sannan ta dawo yankin Sahel dab da faɗuwar damina. A farkon shekarun 2000 wasu masu bincike daga Denmark sun ɗaura wa shamuwoyi na'urar bin sawu a Nijar, suka bi tafiyarsu ta tauraron ɗan Adam har kudancin nahiyar. Dubban kilomita take ratsawa domin ƙyanƙyasar 'ya'yanta ta dace da lokacin da fara da tsutsa suka yawaita a gonakinmu. Manomin da ke cewa zuwan shamuwa alamar ruwa ce bai yi kuskure ba, ita ma ruwan take bi.

Wannan sharaɗi na nufin ana iya korar tsuntsu ba tare da an taɓa bishiyarsa ba. Dausayin Haɗeja da Nguru, wanda wani sashensa ya shiga jerin wuraren Ramsar a shekarar 2000, ya ga raguwar ambaliyar da ke ciyar da shi bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Inda ruwa ya daina kaiwa, bishiya na iya tsayawa ƙyam amma ta tashi daga gida a idon zalɓe. A cikin birane kuma muna cike kududdufai muna gini a kai.

Mai gadi

Sharaɗi na uku shi ne wanda ya fi jan hankalina. Ɗan tsuntsun da bai yi gashi ba nama ne a faifai ga duk mai iya hawa: maciji, guza, biri, muzuru. Daga sama kuma ga hankaka da shirwa. Iyayen ba su da ƙarfin korar yawancin waɗannan, don haka sai su nemi wurin da wani abu zai yi musu gadi.

Mai gadi na farko ruwa ne. A tsakiyar ƙasar Mali, inda kogin Neja ke bazuwa ya malale ƙasa duk shekara, akwai dazuzzukan ƙaya da ruwa ke shanye gindinsu na watanni. A nan dubban balbelu da danginsu ke taruwa su yi sheƙa, domin mai ƙafa huɗu ba ya isa. Farin shekarun 1970 da 1980 da saran itace sun hallaka da yawa daga cikin waɗannan dazuzzuka, tsuntsayen suka cunkushe a 'yan kaɗan da suka rage.

A dausayin Everglades na Florida abin ya fi haka ban mamaki. Tsuntsayen can sukan zaɓi bishiyoyin da kadoji ke kwance a ƙarƙashinsu, domin dabbobin da ke hawa su sha ƙwai ba sa kusantar inda kada yake. Wani bincike na Jami'ar Florida da aka wallafa a 2016 ya gano cewa kadojin da ke zaune kusa da sheƙuna sun fi sauran ƙiba, saboda suna cin 'ya'yan tsuntsayen da suka faɗo. Ladan gadi ke nan: a ba da wanda ya riga ya faɗi domin a tsira da sauran.

To a ƙasar Hausa, inda ba ko'ina ruwa ke kewaye bishiya ba, wane ne mai gadin? Mu ne. Biri da mesa ba sa zama a tsakiyar gari. Shi ya sa shamuwa ke barin bishiyoyin daji ta zo ta sauka a kukar bakin kasuwa ko tsamiyar ƙofar gidan mai gari, wani lokaci har a kan rufin ɗaki. Kakanninmu kuma sun karɓi aikin. Yaro na iya harbin kurciya da danƙo, amma an hore shi kada ya taɓa shamuwa. Ko me mutum zai ce game da camfin da ke tattare da wannan hani, amfaninsa a fili yake: tsuntsuwa ta samu tsaro, manomi ya samu mai rage masa fara. Addini ma bai bar mu a duhu ba. A cikin hadisan da Abu Dawud ya ruwaito akwai labarin sahabban da suka ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a wata tafiya, Manzon Allah (SAW) ya ga yadda take kaɗa fukafukai cikin damuwa, ya umarce su da su mayar mata.

Idan haka ne, balbelun layinmu ba kutse suka yi mana ba. Sun zo ne saboda zama kusa da mutum ya daɗe yana yi musu rana.

Inda wasu suka sauka

Har yanzu da sauran tambayar Baba: me ya sa biyu kawai, alhali ga tara? Amsar tana cikin sharaɗi na huɗu, wato taro. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Idanu ɗari sun fi biyu saurin hango shirwa, kuma idan ɓarawo ya shigo, wanda ke tsakiyar taro ya fi na gefe tsira. A 1973 masana biyu, Peter Ward da Amotz Zahavi, sun kawo wani ƙarin bayani: matattarar tsuntsaye wurin samun labari ce, wanda bai samu abinci jiya ba yakan bi wanda ya dawo da ƙoshi. Ward ya yi shekaru yana nazarin jan baki a yankin Tafkin Chadi na Najeriya kafin wannan rubutu. Masana na muhawara a kan ƙarfin wannan hujja har yau, amma ba a musun cewa ganin 'yan'uwa a bishiya na jawo tsuntsu. Masu aikin kare tsuntsaye sukan jera gumakan roba masu siffarsu domin su ja su zuwa sabon wuri, kuma dabarar takan ci.

Ga tsuntsun da ya iso, tsohuwar sheƙa shaida ce cewa bara an yi reno a nan an tashi lafiya. Bishiyar da babu kowa a kanta ba ta da wannan shaida, komai kyanta. A Birtaniya ana ƙidayar sheƙunan zalɓe duk shekara tun 1928, kuma akwai wuraren da tsuntsayen suka shafe ɗaruruwan shekaru suna komawa. Bahaushe ya riga ya lura da wannan ɗabi'a, shi ya sa idan mutum ya koma halinsa na da ake cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Ita ungulu ba ta sheƙa cikin taro, amma takan koma sheƙa ɗaya shekara da shekaru, ƙwai ɗaya tak take sakawa. Tun 2015 hukumar IUCN ta sanya ungulun da muka saba gani a mayanka cikin jinsunan da ke dab da ƙarewa. Guba da cinikin sassan jikinta ne kan gaba wajen hallaka ta, amma rashin dogayen bishiyoyi ma na cikin dalilan. Yaran da ke tasowa a biranenmu yanzu sun san karin maganar, da yawansu ba su taɓa ganin ungulun ba, tsamiyar ma sai a sunan unguwa.

Haƙƙin mai gida

Ba zan yi kamar maƙwabtanmu ba su da hujja ba. Wanda bai kwana ƙarƙashin balbelu ɗari biyu ba bai san abin da suka jure ba. Kashin na ɓata fentin mota da shanya, ga ƙarnin rubabben abinci da matattun 'ya'ya, ga ƙudaje, ga hayaniya tun asuba. Mai kiwon kaji na da dalilin fargabar cuta. Kusa da filin jirgin sama kuwa taron manyan tsuntsaye haɗari ne ga rayuka, kuma a nan babu jayayya, dole a nisanta su. Kashin ma idan ya yi yawa yakan ƙona ganye ya kashe bishiyar da kanta.

Abin da nake ja a kai shi ne maganin da muka zaɓa da kuma lokacinsa. Sara a watan Agusta na kashe 'ya'yan shekara guda cur, alhali da an jira zuwa kaka da sun tashi da kansu. Sannan saran ba ya kawar da matsalar, tura ta yake yi gaba. Bana balbelun ba su sauka a ko ɗaya daga cikin darbejiyoyi taran ba, sun koma wasu mangwarori a bayan wata makaranta, inda yanzu wasu mutanen ke irin kukan da muka yi. An ga haka a Nairobi lokacin da aka sare bishiyoyin gefen titi domin gina babbar hanyar da aka buɗe a 2022: borin tunkin da ke kwana a kansu ya watsu cikin gari, har kan manyan gine-gine. Mu kuma a layinmu mun yi asarar inuwar da ta ɗauki shekaru fiye da talatin tana haɗuwa.

Akwai wata hanyar, kuma an gwada ta. A jihar Assam ta Indiya akwai wani ɗan'uwan borin tunki da ake kira hargila, mai cin mushe, wanda mutane suka tsana saboda wari har suna sare bishiyoyin da yake sheƙa. A 2007 wata mai nazarin halittu, Purnima Devi Barman, ta ga an kayar da irin wannan bishiya da 'ya'ya a kanta. Maimakon ta tsaya la'antar masu bishiyoyin, sai ta shiga gidajensu, ta haɗa kan matan ƙauyukan. Suka riƙa shimfiɗa raga a ƙarƙashin bishiya domin tare 'ya'yan da suka faɗo, suka kafa dandamalin gora inda bishiya ta yi ƙaranci, suka sa hoton tsuntsun a saƙarsu, aka kuma riƙa karrama duk mai gidan da ya bar bishiyarsa. A 2023 IUCN ta cire hargila daga jerin jinsunan da ke cikin haɗarin ƙarewa. Warin bai tafi ko'ina ba. An raba nauyinsa ne, aka daina barin mai gida shi kaɗai da shi.

Abin da za mu iya

Shawarata ba ta buƙatar kuɗi masu yawa. Hukumomin tsara birane da na muhalli su san bishiyoyin da manyan tsuntsaye ke sheƙa a kansu, su rubuta su, aikin da ɗaliban nazarin halittu na jami'o'inmu za su iya yi a damina guda. A sa wa 'yan kwangilar hanya sharaɗin duba bishiya kafin sara, kada a taɓa mai ƙwai ko 'ya'ya sai sun tashi. Idan rassa sun rufe gidan wani, a sassabe su bayan kaka, a duba kuma ko ungulu na kai, domin ita da rani take nata renon. Masu unguwanni su sa hannu wajen shara da wanke ƙarƙashin bishiyar, tunda inuwar ta kowa ce. Inda zaman ya gagara, a hana tsuntsayen sauka tun farkon zuwansu, kafin su saka ƙwai, a bar musu wata bishiyar a bakin ruwa nesa da gidaje.

Sannan a bar bishiyoyi su tsufa. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna ana iyawa: tun daga shekarun 1980 suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu suna gyara shi, har aka ƙiyasta bishiyoyi kusan miliyan 200 sun dawo a faɗin hekta miliyan 5. Amma wannan aikin shekaru ne masu yawa. Tsiron da ake dasawa a ranar bikin dashen itace, a ɗauki hoto a watse, ko ya rayu sai ɗan da aka haifa bana ya yi aure kafin ya iya ɗaukar sheƙar zalɓe.

Sunayen unguwanninmu na tuna mana abin da muka taɓa mallaka: Unguwar Rimi a Kaduna, Durumin Iya da Tsamiyar Boka a Kano. Bishiyoyi ne da suka yi girman da har aka san wuri da su. Kwanan baya na bi ta layinmu da yamma, na tarar da Baba ya ja tabarmarsa zuwa gindin katanga yana bin 'yar inuwar da ta rage. Kututturan biyu sun fara toho. Na roƙe shi ya sa baki kada a bari awaki su cinye, ya ce zai yi wa yaran layin magana.